Koren Hasken Tagar Gabas

Gadona kaf daga gidan babana luba ne guda goma sha huɗu, wato siraran gilasan tagar nan da ake ɗagawa a sauke da ɗan ƙarfe. Yayana Silas ya sayar da gidanmu na Shagari Low Cost wata biyar bayan mun binne Baba. Ya ce Mama ba za ta iya zaman kaɗaici ba, kuma gaskiyarsa ce, sai dai ita gaskiyar Silas kullum takan faɗo daidai inda yake so ta faɗo. Wanda ya sayi gidan bai ɓata lokaci ba, ya sa aka ɓamɓare tsofaffin tagogi don a kafa na zamani. Ranar da na je kwashe ragowar tukwanen Mama na tarar leburori sun jibge gilasan a bakin kwata. Na tsuguna da kayan coci a jikina ina tsinta, su kuma suna kallona kamar wadda ta fara taɓuwa.

Ba kowanne na ɗauka ba. Na tagar gabas ta ɗakin Mama nake nema, kuma ba su da wuyar ganewa, don sun fi sauran kore. Shekara talatin da biyu Mama tana zama a gindin tagar nan da safe, ta karanta Littafi Mai Tsarki, ta tsince shinkafa, ta yi wa Baba mita, rana kuma ta ratso gilashin ta zubo mata kore a cinya. Yanzu hawan jinin ido ya cinye ganinta. Ba ta gane fuska, rubutu ya daɗe da yi mata sallama. Abin da ya rage mata shi ne ta bambance haske da duhu, a cikin launuka kuwa kore kaɗai ne bai guje ta ba. Likita ya ja ni gefe ya gaya mini cewa wannan ɗin ma da wuya ya kai damina biyu.

Na dawo da ita wajena a Yolde Pate. Ɗakin da na ba ta shi ma tagarsa gabas take kallo, amma tagar ƙarfe ce, in an buɗe rana ta mare ka, in an rufe sai duhu. Tun da Baba ya rasu Mama ta daina mita, kamar da shi aka binne ta. Abinci ya yi gishiri ko bai yi ba, sai ta ci ta ce an gode. Sau ɗaya tak ta yi maganar tagar, wata safiya tana shan kunu.

"Keturah, rana na gidan nan ba shi da launi," in ji ta, ta ci gaba da shan kununta.

A ranar na ƙudura cewa zan mayar mata da tagarta kafin idon ya ƙarasa rufewa.

Sana'ata narka gilashi ce. In na faɗi haka a garin nan sai a kawo mini madubin mota da ya fashe a ce in liƙe. Abin da nake yi shi ne in yanka gilashi, in jera shi hawa-hawa, in sa a tanderu har ya yi laushi ya zama abu ɗaya, nauyin da na ɗora masa ya danne shi ya baje. Abin da ya fito a rataye a otal, ko ofis, ko falon wanda yake so a ce yana da ido.

Tanderun ba a gidana yake ba. Yana Adarawo, a bayan gidan su Hamajoɗa, abokin aikina tun muna kwaleji muna koyon zane. Mu biyu muka gina shi da bulon wuta, kuma da gas yake aiki, don wutar lantarki a wajenmu baƙuwa ce mai gajeren zama. Shekara goma sha ɗaya muna tare ba a taɓa jin kanmu ba. Na girme shi da wata bakwai, don haka yake ce mini Adda, wato yaya, ni kuma in yanke sunansa in ce Hamma. Ban taɓa ganin mai natsuwar hannu irinsa ba. Ranar jana'izar Baba, awa uku ya yi a tsaye cikin rana a ƙofar coci, bai shiga ba, bai kuma tafi ba, har aka fito da akwati ya bi mu maƙabarta.

Abu ɗaya nake tsokanarsa da shi, wato Bappayo. Mahaifin Hamajoɗa ya rasu yana ɗan shekara bakwai, ƙanen mahaifin nasa Bappayo ne ya riƙe shi, kuma filin da tanderun yake ma nasa ne. Hamajoɗa ya haura arba'in, da mata da 'ya'ya uku, amma in Bappayo ya shigo sai ya zame daga kujera ya koma ƙasa, ba ya ɗaga ido, ko ruwa ba ya sha a gabansa. In tsohon ya fita nakan ce, "Hamma, tashi, an ɗauke dokar hana numfashi." Sai ya yi murmushi ya ce, "Adda, ba za ki gane ba, pulaaku ke nan," yana nufin kunya da kawaicin da aka rene su a kai. Ni dai na ɗauke shi abin dariyar da ba zai taɓa shafata ba.

Shi gilashi dokarsa ɗaya ce mai tsanani. Narkewa ba ta da wuya, kowace wuta za ta iya. Hucewa ce aikin. Bayan ya narke sai a sauko da zafin zuwa wani mataki, a riƙe shi a nan na awanni, don cikinsa da wajensa su huce tare. In iska ta buge shi a wannan lokacin, wajen zai daskare ya bar cikin a baya. Zai fito sumul a ido, ba tabo ko ɗaya, amma yana riƙe da abu a ciki. Yana iya yin kwana uku ko wata uku, sannan wata rana, ba wanda ya taɓa shi, ya tsage. Maganin kuwa da sauƙi in an sani kafin ya tsage: a mayar da shi tanderu, a kai zafin matakin nan, a sake riƙon daga farko. Ni da Hamajoɗa mun san wannan kamar yunwar cikinmu. Shi da hannunsa ya rubuta da alli a ƙofar tanderun: KADA A BUƊE.

Akwai kuma wani hali na tsohon gilashin taga. Riƙo dai ko sau nawa ba ya damunsa, amma narkewa sau ɗaya yake yarda. In aka narka shi karo na biyu sai ya dushe ya yi fari kamar idon dafaffen kifi. Don haka na san harbi ɗaya gare ni, kuma luba goma sha huɗu ne, ba na goma sha biyar.

Sati uku na yi ina shiri. Na wanke su da sabulu ɗaya bayan ɗaya, na kankare ɗigon fentin da Baba yakan bari duk Kirsimeti, don shi mutum ne da ya iya koyarwa bai iya fenti ba, kuma bai taɓa yarda da hakan ba. Na daidaita bakinsu, na jera hawa uku, biyar a ƙasa, huɗu a gicciye, biyar a sama. Daga cikin tsohuwar rediyon Baba na zaro wayar jan ƙarfe, don ita ba ta ƙonewa a wuta, na lanƙwasa ta da filaya har ta zama sa hannunsa. Duk wanda ya yi firamare a ƙarƙashin Malam Manasseh ya san wannan sa hannun a ƙasan katin sakamako, da doguwar jelarsa mai komawa baya. Na kwantar da shi a tsakanin hawa na biyu da na uku. Na shafa wa faifan tanderu farar ƙasa don kada ya manne, na kifa wani faifan a sama, na ɗora bulo shida.

Ranar Talata muka kunna wuta, da Hamajoɗa ya dawo daga sallar asuba. Watan Maris ne, zafin Yola kansa ya isa ya narka rabin aikin. Wajen sha ɗaya na leƙa ta ɗan ramin dubawa na ga faifan sama ya sauka ya zauna daram, gilashi ya haɗe. Muka rage wuta, allurar ma'aunin zafi ta sauko a hankali har ta kai matakin riƙo. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara. Daga asibitin ido ne, wai likitan Mama zai yi tafiya, sun dawo da ranar duba ta daga Alhamis zuwa yau da ƙarfe ɗaya, in ba haka ba sai bayan wata biyu.

Na tsaya ina kallon allura ina kallon waya. Hamajoɗa ya ce in tafi.

"Hamma, allurar nan ta tsaya a nan har la'asar. Kada ta hau, kada ta sauka."

"Adda, yau na fara?"

"Na sani. Amma wannan ba na otal ba ne."

"Malam Manasseh babana ne ni ma," in ji shi. "Je ki kai Mama."

Na tafi da kwanciyar hankali, wallahi da kwanciyar hankali. Da za a ce in zaɓi mutum ɗaya a duk Adamawa in bar wa wannan wutar, shi zan zaɓa.

Huɗu da rabi na dawo. Allura tana inda ya kamata ta kasance a wannan lokacin, ta fara gangara. Hamajoɗa yana shara, alhali wajen a share yake tun safe. A gindin darbejiya akwai tabarma a shimfiɗe da kofunan shayi biyu.

"Baƙi aka yi?"

"Bappa ne ya leƙo."

"Ba abin da ya faru dai?"

"Sai alheri, Adda."

Tsintsiyar yake kallo da ya faɗi haka. Na ɗauka gajiya ce, mutum ya wuni a bakin wuta cikin wannan zafi. Har godiya na yi masa, na ce ya shiga gida ya huta, ni zan ƙarasa. Na manta cewa ita allura zafin iskar tanderu take aunawa, ba ta san abin da ya sami gilashi ɗazu ba.

Ranar Alhamis muka buɗe. Na sauke bulo, na ɗaga faifai, na wanke farar ƙasar da ruwa, na ɗaga shi sama. Ban taɓa yin abu mai kyau irinsa ba, kuma ba cika baki nake ba, don yanzu ba abin da cika bakin zai ƙara mini. Ya baje ya yi kaurin ɗan yatsa. Inda luba ta hau kan luba koren ya yi duhu, inda suka rabu ya yi haske, ƙananan kumfa sun jeru a layi, sa hannun Baba kuma yana tsakiya ja-ja-ja kamar jiya ya rubuta shi. Jikinsa ya ɗauki ɗan kaushin faifai, in ka shafa za ka ji. Hasken da ya zubo mini a ƙafa shi ne dai na ɗakin Mama, na gane shi nan take. Na kira Hamajoɗa ya zo ya gani. Daga bakin ƙofa ya ce masha Allah, ya ce yana da saƙon da zai kai kasuwa.

Kafinta ya yi masa firam na katako, ranar Asabar da yamma muka cire tagar ƙarfen muka kafa shi. Ban gaya wa Mama komai ba, na ce gyara ake yi. Da safiyar Lahadi na ja kujerarta gindin tagar, na zaunar da ita, na koma bakin ƙofa na tsaya.

Rana ta hauro, koren ya sauko bango, ya hau kafaɗarta, ya zauna a cinyarta. Ta buɗe tafin hannunta a ciki, ta juya shi, ta sake juyawa.

"Keturah."

"Na'am, Mama."

"Wannan tagan Malam ne."

"Shi ne, Mama."

"Ina ka samo?"

Na gaya mata duka, tun daga bakin kwata. Ta miƙe ta ɗora hannu a kai tana shafa kaushin, na kama yatsanta na bi da shi ta kan sa hannun, harafi bayan harafi, har ƙarshen jelar. Ta yi dariya, hawaye na zuba, ta ce mutumin nan ko takardar sayen akuya sai ya ja wannan jela. Ranar mun makara zuwa coci. Da muka dawo ta ɗanɗana miya ta ce ko gishiri ya yi tsada ne a Yolde Pate, kuma wa ya koya mini yanka kuɓewa manya-manya haka. Ban taɓa jin daɗin mita irin na ranar ba.

Safiya huɗu ta samu. Lahadi, Litinin, Talata, Laraba. Kowace safiya kafin in tashi ta riga ta lalubo kujerarta.

Ranar Alhamis matan unguwa suka zo da sassafe suka tafi da ita taron zumuntar matan coci a Jimeta, wuni za su yi. Wajen ƙarfe ɗaya ina wanki a tsakar gida na ji wani ɗan sauti daga ɗakinta, ƙas, kamar an karya tsinken tsintsiya. Wanda ba ya wannan sana'a ba zai ko juya ba. Ni kuwa nan take na saki wankin. Na shiga da kumfa a hannu. Tsaga ta taso daga gefen ƙasa, ta lanƙwaso ta ratsa tsakiyar sa hannun ta fita ta sama. Ina tsaye ina kallo ta biyu ta tashi, ta haɗu da ta farko, ɓangaren da ke tsakaninsu ya zamo daga firam ya faɗo kan siminti ya tarwatse.

Ban yi kuka ba. Na duba firam, bai matse shi ba. Na zagaya waje, ba dutse, ba ƙwallo. Tsagar da bugu ya yi takan tashi daga wuri ɗaya ta watsu, wannan kuwa a lanƙwashe take kamar tafiyar maciji, irin ta gilashin da bai huce daidai ba. Kuma ta taso ne daga gefen da ya kalli ƙofar tanderu. Duk da haka kaina na zarga. Na naɗe manyan ɓangarorin biyu a tawul na hau keke mai ƙafa uku zuwa Adarawo, duk hanya ina lissafa inda na kuskure: ko awa huɗu bai isa ba, ko bulon ya yi yawa, ko na yi saurin rage wuta. Ko sau ɗaya zuciyata ba ta kawo mini Hamajoɗa ba.

Na same shi yana yanka gilashi. Na buɗe tawul a kan teburi. Ya ajiye abin yankan, ya kalla, sai kawai ya zauna a ƙasa, irin zaman da yake yi in Bappayo ya shigo. Kafin in yi magana sai ga shi kuwa Bappayon, ya dawo daga sallar azahar da sandarsa, ya leƙo ya gaishe mu kamar yadda ya saba. Na durƙusa na gaishe shi. Idonsa ya faɗa kan teburi.

"Subhanallahi! 'Yar Malam, ba wannan ne na ranan nan ba? Wanda yake cikin wuta?"

"Shi ne, Bappa."

"Ayya, ayya. Ai surukina ya zo daga Girei ranan, na ce ya zo ya ga aikin ɗana. Na ce Hamajoɗa, buɗe mana. Ya buɗe. Wallahi ba mu ma ga komai ba, bulo a kan bulo. Muka tsaya, muka tsaya, har surukin ya ɗauki hoto da waya, zafi ya kore mu." Ya girgiza kai da tausayi na gaskiya. "Ashe haka yake da kyau. Munyal, ɗiyata, ka yi haƙuri. Abu na duniya haka yake. Ka narka wani."

"Na gode, Bappa," na ce, ina durƙushe. Ni ma ai an koya mini ladabi.

Ya yi mana addu'a ya shige gida. Tsohon bai san ya yi komai ba, har yau ma ban ce ya sani ba. Muka saura mu biyu, Hamajoɗa yana kallon ƙasa, a bayansa ga rubutun allinsa a ƙofar tanderu.

"Minti nawa?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Hamajoɗa, minti nawa?"

Shekara goma sha ɗaya ban kira cikakken sunansa ba. Ya ce goma, ko sha biyar.

"Ka gaya masa zai lalace?"

"Na ce masa akwai zafi."

"Ba zafi na tambaye ka ba."

"Adda, a gaban surukinsa ne. Ya yabe ni a gaban baƙo, ya ce in buɗe. Mutumin da ya rene ni. Yaya zan buɗe baki in ce masa a'a?"

"To na ji. Wannan tsakaninka da Bappanka ne, ban isa in shiga ba. Ni fa? Na dawo na tsaya a nan, nan inda nake tsaye, na tambaye ka. Tukunyar gas cike take. Awa huɗu kawai za mu ƙara."

"Na sani."

"Ranar da muka fito da shi ka sani. Ranar da na kira ka na ce Mama ta yi dariya ka sani. Ko jiya da yamma ka buga mini waya, da na cire shi na dawo da shi, da yanzu yana nan lafiya. Kwana tara, Hamajoɗa!"

"Kunyarki na ji," in ji shi, da ƙyar nake jin muryar. "Kin bar mini amana. Na kasa kallon idonki in ce na buɗe. Kullum sai in ce gobe. Na yi ta addu'a ya tsallake."

Kunya. Na so a ce mugunta ce, da na san abin da zan yi da ita. Na so ya ɗaga murya, ya ce ai gilashi ne kawai, in samu abin da zan kama in zage shi tas in huce. Amma ga shi nan a ƙasa, mutumin kirki tun daga kai har ƙafa, ya girmama Bappansa, ya girmama baƙo, ya girmama ni, duk ya gama girmama mu, uwata kuma ita ta biya.

Ya ce mu sake narka shi, zai sayi gas, zai zauna a kai da kansa. Na ce ya san abin da zai fito, kuma kashi ɗaya cikin uku yana can warwatse a kan siminti. Ya ce zai nemo irin luban, akwai tsofaffin gidaje a Jimeta. Na ce ya nemo wanda Mama ta zauna a gindinsa shekara talatin da biyu. Na naɗe tawul ɗina, na ɗauki abin yankana da filayata, na fita. Ya biyo ni har bakin titi ya tsayar mini da keke, ni kuma na bar shi ya wuce na tsayar da wani.

Ƙarfe uku ta yi, Mama kuma shida za a dawo da ita. Na wuce kasuwar Jimeta, na sa aka yanka mini farin gilashi daidai firam, na sayi koriyar leda mai sheƙi irin wadda ake naɗe kyauta da ita. A gida na kafa gilashin, na manna ledar ta waje, na share ɗakin sau uku na goge da jiƙaƙƙen tsumma, don Mama ba ta sa takalmi a ɗaki. Duk ina yi ina gaya wa kaina cewa don kada sauro ya shigo ne kawai, da ta dawo zan zaunar da ita in faɗa mata gaskiya.

Ta dawo tana rera waƙar taro. Tun daga ƙofa take ba ni labari. Ta gaya wa mata duka cewa 'yarta ta dawo mata da tagar Malam, har da sa hannunsa a ciki, mutum biyu ma za su zo ranar Lahadi su gani da idonsu. Ta ci tuwo sosai, ta ce miyar yau ba laifi amma daddawa ta yi kaɗan. Na buɗe baki sau biyu. Na ce a raina, bari ta huta, gobe.

Da safe na ji tana jan kujera. Na zo bakin ƙofa na tsaya inda na tsaya ranar Lahadi. Rana ta hauro, wani kore mai ƙyalli ya sauko bango, shimfiɗaɗɗe, ba duhu ba haske, ya zauna a cinyarta. Ta buɗe tafin hannunta a ciki. Ta daɗe a haka. Sai ta miƙe ta ɗora hannu a kan gilashin, ta shafa daga sama zuwa ƙasa, santsi sumul. Yatsanta ya je tsakiya, ya ɗan yi yawo a wurin, ya tsaya. Ta sauke hannun ta koma ta zauna.

"Keturah."

"Na'am, Mama."

"Ba abin da ya faru dai?"

Ba ta ganin fuskata, amma duk da haka ƙasa na kalla.

"Sai alheri, Mama."

Ta gyaɗa kai. Na kawo mata kunu, na manta ban sa sukari ba, ta shanye ta ce an gode. Da ta gama ta tashi, ta kama kujerar da hannu biyu, ta ja ta a hankali ta mayar da ita jikin bango inda take a da.